Lahadin da Kowa Ya Yi Dariya Ban da Ni

Wata Lahadi ce ta ƙarshen watan Oktoba, shekarar da na cika bakwai, ruwa yana ta zuba tun safe a unguwar Levenshulme, irin ruwan nan na Manchester da ba ya tsawa ba ya walƙiya, kuma ba ya ɗaukewa. An idar da azahar, abokan Baba na jami'a sun cika ɗan falonmu, sun baje a kan kafet suna cin tuwon shinkafa da miyar kukar da Umma take ɓoyo sai ranar baƙi. Baba ya ɗaga jarida yana sanar da su cewa yau za a saka wani tsohon fim na ban dariya, na zamanin yaƙi, wanda masu sharhin fina-finai suka ce duk wanda bai gan shi ba bai san abin da ke ba Bature dariya ba. Shi Baba, Allah ya ƙara masa lafiya, in dai abu ya fito a shafin bayan jarida to ya zauna, ko miyar Umma ce da za su yi sharhi a kanta da sai ya jira ya ji abin da suka ce kafin ya yaba. Aka kira ni daga kicin inda nake ɗauraye kofuna, aka ce in zo in zauna in ƙaru da Turanci.

A lokacin ba mu cika shekara da zuwa daga Zariya ba. Baba yana karatun digirinsa na uku, mu kuma ni da Umma muka biyo shi. Gidanmu ɗaya ne daga cikin jerin gidajen nan na jan bulo da ke manne da juna, in maƙwabci ya yi tari sai ka ce masa sannu. Babu tsakar gida sai wani ɗan fili a baya mai igiyar shanya, inda kaya ke yini ba su bushe ba. Nan nake zana gidan ɗan-ɗabo da alli a kan siminti ina tsalle ni kaɗai, ko in yi 'yar carafke da duwatsun da na tsinto a lungun shara. A makaranta ina jin rabin abin da ake faɗa, sauran rabin in cike shi da kaina, kuma na ƙware a gyaɗa kai. Aikin gida ya ƙaru mini a 'yan watannin nan: ni ke share matakala, ni ke riƙe wa Baba jakar wanki zuwa shagon injin wanki da ke Stockport Road, ni ke miƙo wa Umma duk abin da ya faɗi ƙasa. Ta yi nauyi, ƙafafunta sun kumbura har takalminta ya daina shiga, kullum tana cikin jallabiyar Baba, kullum ana zuwa ganin likita. Ni a tunanina abincin Turawa ne bai karɓe ta ba. A gidanmu ba a faɗa wa yaro cewa uwarsa tana da ciki. Ba ɓoyo ba ne a wurinsu, kunya ce, kuma ko giyar wake na sha ba zan tambaya ba.

Fim ɗin ya fara, baƙi da fari. Nan ne aka samu matsalar da babu wanda ya lura da ita. Talabijin ɗin gidan kakata a Zariya baƙi da fari ce, a cikinta muke ganin labarai, a cikinta muke ganin shugaban ƙasa yana jawabi, a cikinta muke ganin wasan da aka yi jiya. Rashin launi bai taɓa gaya mini cewa abu ya tsufa ba. Ga kuma gidajen da ke cikin fim ɗin, jerin bulo da bututun hayaƙi a sama, sak layinmu. Na ga wani ƙaho ya ɗauki kuka, mutane suna gudu suna shigewa ƙarƙashin matakala, jirage suna wucewa, gini yana zubewa. Daga nan aka nuno tashar jirgin ƙasa cike da yara, kowanne da 'yar jaka da takarda maƙale a ƙirjin rigarsa, iyaye mata suna tsaye bayan shinge suna ɗaga hannu. An damƙa yaran a hannun wani dogon mutum mai shirme, hularsa ta ƙarfe ta fi kansa girma, shi zai kai su ƙauye a rarraba su gidajen mutane har yaƙi ya lafa. A cikin jirgi iska ta kwashe takardun, shi kuma ya bi yana maƙala wa kowa wadda hannunsa ya kai. Aka kai kowane yaro gidan da ba nasa ba. Da wata uwa ta zo ganin 'yarta, sai aka turo mata wani ƙaton yaro mai cin tsiya.

Falo ya kaure da dariya. Wani abokin Baba har da kwanciya yana dukan kafet, Baba yana share hawaye yana cewa ai ya gaya musu, mutanen jaridar nan sun san aikinsu. Ni kuwa ina zaune, idona yana kan matar nan da ke leƙa bayan ƙaton yaron tana neman 'yarta. Su sun ga yaron, ni uwar na gani. Da aka gama na matsa kusa da Baba na tambaye shi ko wannan abu gaskiya ne. Ya ce wasa ne kawai. Sai abokin nasa mai dukan kafet, wanda tarihi yake karantawa kuma ba ya barin magana ta wuce shi, ya ce, “A'a, wasa ne amma abin ya faru. A garin nan ma an yi ruwan bama-bamai, kuma daga tashar nan ta cikin gari aka riƙa kwasar yara.” Ya faɗi komai, bai faɗi yaushe ba. Suka ci gaba da gardamar ko ya dace a yi wa yaƙi dariya, ni kuma na kwashe kwanuka na kai kicin.

Tun daga ranar duk abin da na gani sai ya zama shaida. Jiragen sama dama suna wucewa ta saman unguwarmu za su sauka, ban taɓa kula su ba, yanzu ko a filin wasan makaranta nake sai in daina tsallen igiya in bi kowanne da ido har ya ɓace. A ƙofar babban kanti wasu tsofaffi masu lambobin soja a ƙirji suka fara tsayawa suna raba jan fure na takarda na tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi, malamarmu ma ta maƙala nata. Da magariba ta yi sai a ji tas-tas da fashewar abubuwa daga lungunan baya. Rannan muna tsakiyar zane sai ƙararrawar gobara ta ɗauka, aka fito da mu a layi cikin sanyi ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Sauran yara suna ta murna an tsira daga aji, ni kuwa fitsari ya kusa kufce mini, ina jiran in ga ta ina jirgin ƙasan zai ɓullo. A gida kuma ƙus-ƙus ya yi yawa. Baba zai tsaya a gindin matakala da kan waya yana magana ƙasa-ƙasa da Birmingham, da ya gan ni sai ya koma tambayar lafiyar yara.

Ba a daɗe ba aka ce za ni hutu gidan Goggo Atika, ƙanwar Baba da ke aure a Birmingham. Na san ba a yi hutu ba, domin an ba mu aikin gida a makaranta. Baba ya rubuta sunana da lambar wayar Goggo a wata 'yar takarda, don ko da na ɓace masa a tasha, ya ɗauko fil ya maƙala mini a cikin rigar sanyi. Ban yi gardama ba. Na riga na ga yadda ake yi.

Abin da ya fi takardar nan tsorata ni Umma ce ta yi shi. Ni 'yar fari ce, kuma Umma 'yar gargajiya ce ta gaske: ba ta faɗin sunana, ba ta yaba ni a gaban mutane, ba ta jan ni a jiki. “Ke” take ce mini, in rai ya yi daɗi ta ce “'yar nan”. A safiyar da za mu tafi ba ta iya rako mu ko bakin ƙofa ba, tana zaune a kan matakala ta dafe bango. Na durƙusa na yi mata sallama. Ta gyara mini wuyan riga, ta daɗe tana gyarawa ko da yake babu abin da ya karkace, sannan ta ce, “Hajara, ki yi wa Goggonki biyayya.” Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, ina nan durƙushe sai da Baba ya kama hannuna.

A jirgi ban ci biskit ɗin da aka ba ni ba, hannuna yana kan takardar nan kar iska ta ɗauke ta. Baba ya kai ni, ya sha shayi a tsaye, ya juya a ranar. Goggo Atika mace ce mai fara'a da yawan magana, gidanta kullum ƙamshin soyayyen albasa. 'Ya'yanta biyu a can aka haife su, Turancinsu ta hanci yake fita, in na yi musu Hausa sai su kalli juna. Ba su cuce ni ba, sun ba ni rabin gado, sun koya mini wani wasan tafa hannu da har yau nake iya shi. Amma da mako ya zagayo sai Goggo ta kai ni kanti ta gwada mini kayan makarantarsu, ta zaɓi wanda ya ɗan fi ni girma, ta ce zan cike shi. Wanda ya zo hutu ba a saya masa rigar da zai cike. Na tambaye ta ina Umma, ta ce tana nan lafiya, ta ɗan yi tafiya ne. Na ce zan yi magana da ita a waya, ta ce inda take babu waya. Na ga ta juya tana goge ido da gefen mayafi ta ce albasa ce.

Sai ga yammacin da Turawa ke wasan wuta a farkon Nuwamba. Babu wanda ya yi mini bayani, don kowa ya ɗauka kowa ya sani. Duhu yakan shigo da wuri a wannan lokacin, muna idar da magariba Goggo ta ce mu saka rigunan sanyi mu fita bayan gida. Ina taka ƙofa wani abu ya tashi da shewa daga gidan maƙwabta ya fashe a saman kanmu, sama ta yi ja, wani ya biyo, wani ya biyo, ƙasa tana amsawa, ko'ina warin hayaƙi, karnuka suna haushi, yara suna ihu. Ban tsaya na bambance ihun murna da na tsoro ba. Na koma ciki da gudu na buɗe 'yar ƙofar da ke ƙarƙashin matakala, inda mitar gas da tsintsiya da buhun shinkafa suke, na shige na ja ƙofa. Na toshe kunnuwa ina karanta duk surar da na iya, na gama in sake. Ba kaina nake ji ba. Lissafina shi ne, in a nan da aka kawo ni don in tsira haka ake yi, to me ya rage na layinmu, kuma Umma da ƙafafun nan nata ta yaya za ta yi gudu. Ina jin Goggo tana kwala mini kira, ta hau sama ta sauko, ta fita titi. Na ƙara matsewa a bayan buhun shinkafa.

Wadda ta buɗe ƙofar maƙwabciyar Goggo ce, Misis Pat, wata tsohuwar Baturiya mai gajeren farin gashi da ke tsallakar da yara titi a gaban makaranta. Ta ji kiran ne ta shigo, kuma ba ta duba ko'ina ba sai nan. Ba ta jawo ni ba. Ta durƙusa da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara, ta zauna a bakin ƙofar ta tambaye ni a hankali me nake gudu. Da guntun Turancina na ce mata yaƙi. Na buɗe rigar sanyina na nuna mata takardar, domin ban taɓa cire ta ba. Ta daɗe tana kallonta. Ta tambaya a ina na ga haka, na kwatanta mata mutumin nan mai ƙatuwar hula. Ta ce ta san fim ɗin, kowa yana son sa, amma ita in an zo wurin tashar nan takan tashi ta je ta ɗora ruwan shayi. Ta ce ita ma an maƙala mata takarda tana kamar ni, an saka ta a jirgi daga garin nan, amma an yi wannan tun kafin a haifi babana, yaƙin ya ƙare tuntuni, abin da nake ji a waje wasa ne. Goggo tana tsaye a bayanta tana maimaita mini da Hausa, tana haɗawa da salati.

Na ji sanyi a raina, amma ban fito ba. Na tambayi Misis Pat ko mamanta ta zo ta ɗauke ta. Ta kai hannu ta gyara tsintsiyar da ta faɗo. Sannan ta ce, “Taki za ta zo.” Ko yaro ya san lokacin da aka amsa masa tambayar da ba ita ya yi ba. Na fito don gwiwoyinta, amma tsoron bai bar ni ba, ya dai sauya wuri. In babu yaƙi, to me ya sa aka kawo ni?

Sai da aka fara saka fitilun Kirsimeti a shaguna Baba ya zo, ya rame, gemunsa ya fito ba gyara. Ya ce in haɗa kayana, Umma ta samo mini ƙane a asibiti. Da muka isa Levenshulme na tarar da ita kwance a falo an sauko mata da katifa, ta yi fari fat, muryarta ba ta fita sosai, a gefenta wani ɗan abu cikin tawul wanda bai fi ƙullin garin tuwo ba. Na tsaya a bakin ƙofa da jakata a hannu. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, “Ke, ba ki iya gaisuwa ba ne?” Wannan “ke” ɗin ya fi mini duk wata tarba, na durƙusa na gaishe ta ina kuka, Baba yana tambayar me aka yi mini kuma.

Na sake kallon fim ɗin bayan na girma, ina jami'a, kuma gaskiya ne akwai abin dariya a cikinsa, na yi dariyar a wurare da dama. Na bi na karanta abin da aka rubuta a kansa. Ashe lokacin da ya fito ma ba baki ɗaya aka yi ba: wasu masu sharhin sun ga rashin ta-ido ne a yi raha da abin da mutane ke cikinsa tsundum, wasu suka ga dariyar ce ke riƙe mutane. Sai da shekaru suka ja, waɗanda abin ya shafa suka tsufa, sannan aka haɗu a kan yabonsa. Duk abin da na karanta yana magana a kan mai hular ne, yadda yake faɗuwa, yadda yake zare ido. Ban ga wanda ya ce komai a kan matar da ke leƙe tana neman 'yarta ba. Da na ba Baba labarin abin da fim ɗinsa ya ja mini, sai ya yi dariya, sannan ya ce shi Turanci kawai yake so in koya.

Yanzu su Umma sun koma Zariya da daɗewa, ni ina unguwar Whalley Range a nan Manchester da mijina da 'yata mai shekara shida, kuma ina ɗauke da ciki na biyu. Na zaunar da 'yar tawa na gaya mata komai, har hoton asibiti na nuna mata, ta kai makaranta ta nuna wa kowa. Da Umma ta kira a waya, yarinyar ta fizge ta sanar da ita cewa akwai jariri a cikin Momi. Umma ta yi salati ta ce zaman Turai ya cinye mini kunya. Na ce mata gara haka da abin da aka yi mini. Na zaci faɗa za ta yi, sai na ji ta yi ajiyar zuciya.

Ta ce, “Jinina ne ya hau, likitoci suka ce wa babanku ko ni ko yaron, ko ma duka. Na kira Atika na ce in ban fito ba ta riƙe ki, na bar mata ke halak malak. Ita ta ce in daina faɗa, ni na ce ta saka ki a makaranta tun ina da rai, in san kin zauna.”

Na ce, “Umma, to me ya hana ku gaya mini ko ciwon ne?”

Ta ce, “In an ce ciwo ai sai ki ce na mene ne. Da wane bakin zan dubi 'yar fari in ce mata ciki gare ni?”

Ta yi 'yar dariya ta koma tambayar ko ina samun zogale a can. Ni kuwa na daɗe zaune da wayar a hannu bayan mun yi sallama. 'Yata ta san komai, tana tambayar abin da ta ga dama, kuma ba na fatan ta san irin wancan tsoron. Amma in na tuna Umma a wancan lokacin, ba ta kai shekaruna na yanzu ba, ita kaɗai a ƙasar da ba ta jin yarenta, ta iya bayar da 'yarta amma ba ta iya faɗin abin da ke jikinta ba, sai in ji duk fushin ya tafi. Ina ma in koma in zauna kusa da ita, ko ba za ta ce mini komai ba.